Ajiyar da Ta Sha Turare

In ka shiga Gyaɗi-Gyaɗi ka tambayi gidan Husaina mai turaren wuta, sai an tsaya ana tambayarka wacce daga ciki, don masu turare a unguwar nan Allah Ya yi yawa da su. Amma ka ce Husaina mai ajiya, mai shagon bakin layi ko ɗago kai ba zai yi ba, da baki zai nuna maka ƙofar. Shekara ashirin da huɗu matar nan tana karɓar kayan mutane tana adanawa, ba ta taɓa mayar wa wani da abinsa da ko ƙwarzane ba. Shi ya sa ranar wata Juma'a, cikin zafin watan Afrilu, da ta jona kwamfutar maƙwabciyarta Akunna a soket ta ga 'yar fitilar gefe ba ta kawo ba, sai hankalinta ya tashi.

Ta zare, ta sake jonawa. Shiru. Ta ɗaga kai ta dubi fankar sama, tana ta juyawa abinta, wato dai akwai wuta. Ta danna madannin kunnawa yadda aka koya mata, ta jira, fuskar kwamfuta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ga shi jiya-jiyan nan Akunna ta bugo waya daga garinsu a Imo, ta ce ta yanki tikitin mota, ranar Talata da hantsi tana Kano.

To, bari in ɗan koma baya, don wanda bai san matan nan biyu ba zai ce mene ne abin tashin hankali a kan inji.

Husaina 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Garko. Aure ne ya kawo ta birni, ta biyo Malam Rabi'u, wanda a lokacin yake jan bas, yanzu kuwa da girma ya fara kamawa ya koma adaidaita sahu. Sun fara zama a ɗaki ɗaya a Daurawa, daga baya suka samu ciki da falo a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, gida mai ƙofa tara, rabi Hausawa rabi mutanen kudu. A Daurawa ta koyi haɗa turare wurin wata tsohuwa Babarbariya: a dafa sukari har ya yi danƙo, a juye itacen sandal da hawi a ciki, a bi su da turaruka masu mai, a rufe a kwalba su jiƙu. Da wannan sana'ar ta aurar da 'yarta Safiya, da ita take rufa wa kanta asiri.

Ajiya kuwa Akunna ce ta fara ja mata. Ƙofarsu na kallon juna, Akunna na sayar da manja da busasshen kifi a kasuwar Tarauni. Shekarar farko da suka haɗu, za ta tafi gida Kirsimeti, ta rasa inda za ta bar akwatin kwanukan aurenta, ta turo shi ɗakin Husaina. Da ta dawo ta tarar da shi yadda ta bari, har ya fi kyau. Akunna ba ta iya shiru da magana ba, kafin shekara ta zagayo duk 'yan cocinsu sun ji. Tun daga nan, duk watan Disamba ɗakin Husaina sai ya koma rumbu: talabijin, keken ɗinki, injin markaɗe, takardun makarantar yara, shekara guda ma har da akuya. Malam Rabi'u ya yi mita har ya gaji, ya ce a ɗakinsa sai ya nemi izini kafin ya miƙe ƙafa. Ba ta karɓar komai a kai, in ka matsa mata ma ɓata rai take yi.

Tana da ƙa'idojinta. Ba ta buɗe ajiya, ko da ƙulli ne a leda. Ba ta morar ajiya, ko nata ya lalace. Sannan ba ta yarda kayan mutum su koma masa da warin ɗaki ba. Duk Juma'a in ta gama shara, sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta kifa kabbasa, kwandon nan da ake ɗora tufafi a kai su sha hayaƙi, ta riƙa ɗauko kayan mutane ɗaya bayan ɗaya tana ɗorawa. A wurinta abin da kake ganin girmansa shi kake turarawa, kamar amarya da baƙo da rigar zuwa masallaci.

Ita kuwa kwamfutar, irin ta ɗorawa a cinya ce, tsohuwar yayi, ta mijin Akunna ce, Polycarp. Malamin makaranta ne kuma shi ke koya wa mawaƙan cocinsu waƙa, hawan jini ya yi ajalinsa shekara biyu da suka wuce. A ciki akwai hotunansa, akwai muryarsa yana rera waƙoƙi yana gyara wa mutane. Akunna ba ta san komai a kwamfuta ba sai wuri ɗaya da ɗanta Izunna ya nuna mata kafin ya koma aikinsa a Legas. Kullum in ta dawo kasuwa sai ta danna wurin, ta zauna tana gyaran kayan miya, mijinta na waƙa. Da za ta yi tafiya ta ƙi yarda ta hau doguwar hanya da ita. Ta kawo wa Husaina da hannunta, ta nuna mata: sau ɗaya a mako a jona caja, a danna nan, a bar ta a kunne na ɗan lokaci don kada batir ya mutu, sannan a kashe. Tafiyar mako uku ce, sai ciwon mahaifiyarta ya riƙe ta wata huɗu.

Husaina mace ce mai dabara, sai ta haɗa aiki biyu wuri guda. Ranar Juma'a ta jona, ta kunna, ta ɗora a kan kabbasa. Ta ga ai in akwai kayan da suka cancanci ƙamshi a ɗakin nan, to kayan marigayi ne. Har burge ta yake yi yadda abar ke zuƙar hayaƙi ta ƙasa tana fesowa ta gefe, tana ce wa Malam Rabi'u ka ga ita ma ta san daɗi. Kai da ka san kan kwamfuta, na san ka riga ka dafe kai. Ita baiwar Allah ko a mafarki ba ta kawo komai ba.

Ranar da abin ya ƙi tashi, ba ta ko hura garwashi ba. Ta kinkimi kwamfuta ta kai soket ɗin falo, ta dawo da ita na ciki, ta shiga ɗakin maƙwabta biyu ta ce a ba ta aron soket, ba ta faɗi dalili ba. Ta goge kan caja da bakin zani. Ta hura ramin da baki. Ta yi bismilla ta danna, ta yi salati ta danna. Ta ajiye ta ce bari ta huta, ta ɗora tukunya, kafin ruwa ya yi zafi ta dawo ta sake dannawa. Ranar dai shinkafa ta kama.

Malam Rabi'u ya dawo daga masallaci ya tarar da ita ta tasa abu a gaba ta zabga tagumi. Shi fa direba ne, a wurinsa duk abin da ya ƙi tashi batir ne. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayan da ɗan yatsa, ya kara kunne. Ya ce a shanya ta a rana a kan kwano ta sha zafi, haka suke yi wa batirin rediyo a ƙauye. Da ta harare shi, sai ya ce to a ɗan bubbuga gefen, wani lokaci waya ce ke sakin jiki. Husaina ta fizge abarta ta rungume, ta ce wannan ba adaidaita ba ce da za a tura ta tashi. Ya ce shi ke nan, Allah Ya ba da sa'a, ya nemi abincinsa.

Da safiyar Asabar ta naɗe kwamfuta a sabon zani, ta sa shi ya fasa fita aiki ya ɗauke ta. Suka fara tsayawa wurin wani mai gyaran waya a bakin titin gidan zu. Ko gaisuwa ba ta gama ba mutumin ya kifa kwamfuta ya zaro sukundireba. Ta ce me za ka yi? Ya ce buɗewa. Ta naɗe kayanta ta yi gaba, tana ce wa Malam Rabi'u wannan mahauci ne, bai tambayi me ke damun akuya ba ya wasa wuƙa. Wani mai sayar da caja a gefe ne ya ji tausayinsu, ya ce su tafi Tarauni kusa da kasuwa su nemi shagon Bukola.

Bukola Bayarabiya ce haifaffiyar Kano, za ta yi shekara arba'in, da tabarau a kan hanci da Hausa a baki kamar jakar Kano. Shagonta kwantena ce ƙarama, teburi ɗaya, kwamfutoci jere a kanta kowacce da sunan mai ita. Ba ta taɓa komai ba sai da ta sa Husaina ta zauna ta ba ta ruwa, ta tambayi yaushe rabon da ta kunnu, ko ta faɗi, ko ruwa ya zuba mata. Husaina ta ce faɗuwa? A hannuna? Bukola ta yi murmushi ta ce ita aikinta daga bango take farawa ta shigo ciki, don sau da yawa laifin na soket ne a je a farke inji a banza.

Ta jona cajar a soket ɗinta, ta ɗora tsinkaye biyu na na'urar awon wuta a kan bakin cajar, ta dubi lambar da ta fito, ta ce caja lafiyarta ƙalau. Duk da haka ta ɗauko wata cajar irinta ta gwada. Fitila ba ta kawo ba. Ta kifa kwamfutar, ta ja wasu 'yan makullai biyu, batir ya fito. Husaina ta yi zumbur za ta miƙe, Bukola ta ce ta kwantar da hankalinta, wannan ba buɗewa ba ce, an yi shi ne don a cire a mayar. Ta danne madannin kunnawa ta riƙe har rabin minti, wai don ragowar wutar da ta maƙale a ciki ta fita. Sannan ta jona caja ba batir, ta danna. Duk su ukun suka zuba ido. Amma ko ƙyas.

Sai Bukola ta kunna fitilar wayarta ta haska ramin caji. Ta daɗe tana leƙe. Ta ɗauko tsinken sakace ta zura a hankali, ya fito da wani abu ja-ja mai danƙo, da gawar kiyashi biyu manne a jiki. Ta kai hanci. Ta sake kai hanci, sannan ta sunkuya ta shinshina ramukan iska na ƙasan kwamfutar.

"Mama, a ina kike ajiye ta? Ƙamshin nan ba na ɗaki ba ne kawai, daga ciki yake fitowa."

Nan fa Husaina ta ɗan ji sanyi, don an zo fagenta. Ta gyara zama ta yi bayani tiryan-tiryan, da kasko da kabbasa da yadda take kunna ta tukuna don ta sha sosai. Har ta faɗi irin turaren, ta ce mai kyaun take sa mata, wanda take haɗa wa amare. Tana cikin magana ta lura Bukola ta cire tabarau ta ajiye a teburi, sai muryarta ta fara raguwa har ta yi shiru.

Bukola ba ta yi dariya ba, Allah Ya saka mata. Ta yi mata bayani a hankali, cewa akwai 'yar fanka a ciki da ke jan iska don injin ya huce, ita ce ta riƙa jan hayaƙin. Hayaƙin turare kuwa da mai yake tafe da sukari, in ya huce sai ya kwanta ya zama danƙo. Kiyashi suka ji zaƙi suka bi. Ga zafin garwashi daga ƙasa. Ta ce ba za ta san iyakar ɓarnar ba sai ta buɗe.

Husaina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da faɗuwa abar ta yi, ko ɓarawo ya ɗauka, sai ta ce tsautsayi. Amma ita da hannunta, da turarenta mafi tsada, tana yi tana jin daɗi. Garin gyaran gira ta tsone ido. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya. Duk da haka da Bukola ta kai hannu ga sukundireba sai ta dafe kwamfutar, ta ce ba a buɗe ajiya sai da izinin mai ita.

Malam Rabi'u, da tun ɗazu yake tsaye a bakin ƙofa yana kallon fasinja na wuce shi, ya leƙo ya rage murya. Ya ce wane irin izini kuma? A buɗe a gyara, in ta tashi shi ke nan, bakin kowa alaikum. In ba ta tashi ba, a ce wuta ce aka kawo da ƙarfi ta ƙona ta. Wa zai musa? Gidan wa wuta ba ta taɓa ƙona wa kaya ba a garin nan? Ya dubi Bukola yana neman goyon baya. Ita kuwa ta mayar da tabarau, ta ce ita dai ba ta kai ƙarar kowa, amma in an tambaye ta ba ta ƙarya.

Husaina ta fita daga shagon. Ta miƙe har bakin kasuwa, ta hango rumfar Akunna a rufe da buhu, ta juyo. Ta dawo ƙofar kwantena ba ta shiga ba, ta sake wucewa. Ta ciro waya daga jaka ta mayar ya fi sau biyar. Gaskiyar magana, shawarar mijinta ta shige ta, kada wani ya ce maka ba ta shige ta ba. Kalma ɗaya ce, wuta, kuma Akunna za ta yarda, har ma ta taya ta tsine wa masu wutar. Amma sai ta tuna ƙofarsu na kallon juna. Kullum da safe za ta buɗe ƙofa ta ga matar, ta gaishe ta, da wannan abu a ƙarƙashin harshe, har ranar da ɗayarsu za ta bar duniya. Ta tsaya a inuwar wani shago, rana na dukan ƙafafunta, ta danna kira.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce Maman Izunna, kwamfutar Baban Izunna ta ƙi tashi, kuma ni ce sila. Ta faɗi komai, har da kabbasa. Daga can ɓangaren tana jin kukan zakara da hayaniyar yara a garin mutane. Da Akunna ta yi magana, muryarta a kwance take.

"Ba komai. A buɗe."

Ta kashe waya.

Malam Rabi'u ya ce alhamdulillahi, ka ji mace mai haƙuri. Husaina kuwa ta san abin da ta ji. Akunna mace ce mai faɗa, kuma faɗanta na masoya ne. Ta yi wa marigayi faɗa shekara talatin, tana yi tana zuba masa nama. Ta yi wa Husaina faɗa kan igiyar shanya, kan gishiri, kan ta ƙi zuwa asibiti da ciwon ƙafa. Wanda ba ta ɗauka nata ba shi take yi wa ladabi, da sannu da na gode, kamar mai sayen manja da ba ta sani ba. Tunda suke ba ta taɓa ce wa Husaina ba komai ba sai yau.

Bukola ta kwance kusoshi ta ɗaga murfi. Husaina ta leƙa sau ɗaya ta kau da kai. Ciki ya yi ja kamar an shafa maɗi, fankar ta daskare, kiyashi kuwa sun yi maƙabarta a kowane lungu. Kusa da inda wuta ke shiga akwai wani tabo baƙi, Bukola ta nuna da bakin sukundireba ta ce nan ne ya ƙone. Ta ce za ta wanke da sifirit da buroshi, ta canja abin da ya ƙone, a gani. Gobe Lahadi tana coci, su dawo Litinin.

Kwana biyun nan Husaina ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta share ɗakin Akunna ta waje, ta wanke mata bokitai, ta sake sharewa. Litinin tun kafin Bukola ta buɗe shago tana tsaye a ƙofa. Labarin rabi ne. Ƙunar ta ci gaba zuwa cikin allon injin, kuma irin wannan tsohuwar ba a samun kayanta, ba za ta ƙara tashi ba. Amma ma'ajiyar da ke ciki, inda hotuna da muryar suke, ba abin da ya same ta. Bukola ta ciro ta, ta kwashe komai ta zuba a filas, ɗan abin nan na adana bayanai, ta jona a tata kwamfutar don Husaina ta ji da kunnenta. Muryar Polycarp ta cika kwantena, yana waƙa yana tsayawa yana cewa a sake. Husaina ta rufe fuska da mayafi.

Talata da hantsi Akunna ta sauka, ta rame, ta yi baƙi. Husaina ta kai mata kayanta, kwamfuta a naɗe, filas a cikin ambulan, ta maimaita abin da Bukola ta ce. Akunna ta karɓa da hannu biyu. Ta ce an gode, Allah Ya saka. Ta buɗe jaka ta ciro tsaraba, manja galan guda da garin rogo, ta miƙa.

"Ga wannan, Hajiya. A yi haƙuri ba yawa."

Hajiya. Matar da tun Safiya na goye take kiranta Maman Safiya. Husaina ta karɓi galan ta koma ɗaki, ta ajiye shi a bayan ƙofa, ta kasa ko kallonsa.

Haka aka yi kwana tara. Da safe Akunna ta ce ina kwana Hajiya, ta ja ƙofa ta kulle, ta tafi kasuwa. Da yamma ta ce sannu da gida. Husaina ta aika dambu, kwano ya dawo a wanke da godiya. Ta shanya kaya a igiyar Akunna da gangan, ta cika ta tun daga farko har ƙarshe, ta koma tana leƙe ta labule. Akunna ta fito da nata wankin, ta duba, ta juya ta shanya a kan katanga. Husaina ta ɗora sukari a wuta ya ƙone har sau biyu, ta mayar wa wata uwar amarya da aikinta ta ce ba ta jin daɗi. Ta fito tsakar gida, ta koma. Ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye. Labari kuma ya zaga gida, har wata ta tambaye ta cikin raha ko tana turara wayoyi, ba ta ko ji haushi ba, don ba shi ne a gabanta ba. Malam Rabi'u ya ce wai ke me kike nema ne, mace ta ce ba komai, ta kawo miki tsaraba. Ta ce Malam, ba ka san ta ba.

Rana ta goma Alhamis ce, Akunna ba ta fita kasuwa ba. Husaina ta ga ƙofa a buɗe, labule a sake. Ta je bakin ƙofar ta dawo, ta sake zuwa, a na uku ta yi sallama ta shiga ba ta jira amsa ba. Akunna na zaune a bakin gado, matacciyar kwamfutar a buɗe a kan cinyarta. Ta ɗago ta ce sannu da zuwa Hajiya, ga kujera. Husaina ta wuce kujerar ta zauna a ƙasa, dab da ƙafafunta.

"Maman Izunna, ban zo karɓar ba komai ba. Na zo ki yi mini faɗa."

"Ai ya wuce."

"Bai wuce ba. Juma'a goma sha bakwai ina ɗora ta a kan garwashi. Ina ɗorawa ina murna, har ina kiran Malam ya zo ya gani. Ban tambayi kowa ba, don ina ganin na fi kowa iya ajiya."

Akunna ta dube ta. Ta rufe kwamfutar a hankali ta ajiye a kan filo, kamar mai kwantar da jariri, sannan ta juyo.

Abin da ya biyo baya duk gidan sun ji, har mai shagon bakin layi. Ta fara da Hausa, da Hausar ta ƙare mata ta koma Ibo, ta sirka da Turanci, ta dawo Hausa. Ta ce wane mai hankali ne ke gasa inji kamar kifi? Ta ce wa ya gaya mata mijinta amarya ne? Ta ce ga waya a hannunta, kullum suna magana, me ya hana ta tambaya sau ɗaya? Ta kira ta baƙauyiya, ta kira ta sarkin iyayi. Ta ce kowa sai ce mata yake ai murya tana nan a filas, Izunna ma haka ya ce, zai sayo sabuwa. Ita ta ce tana son sabuwa? Ta fizgo kwamfutar ta buɗe, ta nuna madannan da rubutunsu ya goge, ta ce nan yatsunsa ne, shi ya cinye su, in ta kunna tana ɗora hannu a wurin tana jin ɗumi. Yanzu sanyi ƙalau. A nan muryar ta karye, ta ci gaba da faɗan tana kuka, tana dukan katifa da tafin hannu.

Husaina na nan zaune a ƙasa. Kanta a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan zaninta, kowace kalma na shiga inda ya kamata. Zafi take ji, amma tun ranar Asabar ɗin can ba ta yi numfashi ya kai mata har ciki ba sai yanzu.

Sai da muryar Akunna ta dishe sannan ta tsaya. Ta zauna tana haki, ta ja gefen zani ta share fuska, ta fyace hanci. Matan da suka taru a tsakar gida suka fara sulalewa. Ta dubi matar da ke zaune a ƙasa, ta ja tsaki mai tsawo.

"Kin zauna kina kallona kamar gunki. Maman Safiya, tashi ki ba ni ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Husaina ta miƙe da sauri har tana tuntuɓe da kujera, ta nufi randa tana kuka tana hamdala.